Ƙwaryar da Inna Ba Ta Ƙona Ba

Ku duka biyar kun tashi kuna jin magana ɗaya a kaina cikin garin Dogon Dutsi: wai Gado mai gyaran moto, wato babur, ya yi wa wansa hassada a gaban jama'a. Na san an faɗa muku a lakwal, makarantarku ta boko. Na san Habsu ta taɓa dambe da wata yarinya a bakin pampo saboda wannan magana, ta dawo da riga yage ta ce mini ƙaya ce. Ban taɓa ce muku komi ba. Yanzu Inna, kakarku, ta rasu, babanku Isaka ma ya bi ta, babu sauran wanda maganar za ta taɓa in ba ni ba. Shi ya sa na sayi kaye da bik, littafin rubutu da alƙalami, na zauna. Hannuna ya saba da ƙarfe, bai saba da rubutu ba, ku yi haƙuri da abin da kunka gani.

Ni shekara biyu na yi a lakwal anka mai da ni gona. Karatun da nake da shi na manya ne, wanda anka koya mana ƙarƙashin rumfa bayan na yi aure. Isaka shi ne ɗan fari, ya girme ni da shekara biyar, shi ya yi nisa har ya zama daraktan lakwal, gari duka na ce masa Mushe Isaka, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Ban taɓa jin zafin haka ba. Shi ya fara saya mini akwatin kayan aiki, kuma duk moto da ya hau ni nake gyara ta. A shekarar da nake ba ku labari ya fito da littafi da Hausa, labarin ƙuruciyarsa a ƙauyenmu da ke kan hanyar Lugu. Kun san shi, mai koren bango da zanen mace a kan tabarmar salla. Ba sai na rubuta sunansa ba.

Ban taɓa ganin abin da ya haɗa bakin mutanen garin nan kamar littafin ba. Kowace Alhamis bayan la'asar ana karanta shi a radiyo, 'yan kabu-kabu su kashe moto a bakin garejina su yi tsit. Ma'aikatan da ba su gaisuwa sai da Faransanci suna cewa ba su san Hausa na da daɗi haka ba. Samarin kasuwa masu gajeren wando, waɗanda ke ce wa duk labarin boko ɓata lokaci, su ma sunka saya, har Alhaji Sani ya jera shi a butik, shagonsa, kusa da madara. Waɗannan mutane iri biyu ko a kan lokacin salla ba su jituwa, amma sunka jitu a kan littafin Isaka. Uwarku Hadiza tana jin sa tana share hawaye da bakin zane, tuwo na ƙonewa a kan wuta.

Ni kuwa na karɓi nawa daga hannunsa, na zauna, kafin in kai tsakiya na ji bai yi mini daɗi ba. Na ce laifina ne. Na ce, Gado, kai da shekara biyu a lakwal, me ka sani? Gari duka ba ya ɓata, kai ɗaya ka yi daidai. Na koma farko, yatsa a kan layi, baki na motsi. Na sake komawa. Gaskiya Hausarsa na da daɗi. Yadda ya faɗi ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, haka yake. Jakin babanmu mai kunne ɗaya, haka yake. Amma duk lokacin da na iso shekarar sanƙarau sai in ji kamar na tauna yashi cikin tuwo.

Ga abin da littafin ya ce. Ya ce uwarmu Kulu 'yar bori ce tun gado, tana da doguwa, wato iskar gidansu da take yi wa hidima. Da sanƙarau ya kama Isaka yana ɗan shekara goma sha uku, wai sai ta gane ɓatan da take ciki, ta kwaso ƙwaryar doguwa da baƙin zanenta ta hura musu wuta a tsakar gida, ta yi alwala ta fuskanci gabas, yaro ya tashi. Daga nan har ƙarshen littafi Kulu ba ta sake yin komi ba sai salla da nasiha. Wannan wurin ne mutane ke so. A nan uwarku ke kuka.

Ni ina wurin. Shekarata takwas. Inna ta ɗora Isaka a kan jaki, wuyansa a sandare, ta ja shi cikin yashi tun safe har rana ta take, ta kai shi gidan likita anka yi masa allura. Da ta dawo ta kama baƙar akuyarta guda ɗaya ta ba da ita anka yanka wa doguwa, ta kira masu goge, ta yi rawa kwana uku har tafin ƙafarta ya tsage. Ni na riƙe mata ƙoƙon man shanu tana shafawa. Kuma cikin kwana ukun nan salla ɗaya ba ta wuce ta ba. Ba ta bar ƙofa ko ɗaya da ba ta buga ba saboda yaron. Ba ta ƙona komi ba. Ƙwaryar tana nan bayan randa a ɗakinta, kife a kan baƙin zane. Kowace shekara in hatsi ya nuna, ko tumu ba ta gasawa sai ta dama gumbar sabon hatsi cikin ƙwaryar ta je ta zuba a gindin tsamiyar da ke kufan tsohon gari. Ni ba na bin doguwa, ku ma ban ce ku bi ba. Sallata nake yi. Amma wannan ita ce matar da ta haife ni, mai zagi in ta yi fushi, mai dariya har ta faɗi, mai shan taba gari. Ta cikin littafi ban san ta ba.

Da damina ta yi nisa na tafi ƙauye na ishe ta a rumfa tana tsinke zogala. Idonta ya riga ya yi rauni. Kun san al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Tun da nake ban taɓa jin Inna ta ce Isaka cikin gida ba, sai dai ta ce wancan.

"Gado, mi wancan ya rubuta? Mutane sun ishe ni."

"Su wa, Inna?"

"Shekaranjiya wasu samari sunka zo daga Dutsi da tabarmar salla da hijabi, suna ta ce mini Allah shi ƙara shiriya. Na ce amin. Guda ya ce in gwada mai wurin da na ƙona kaya. Na ce mai, yaro, ƙwaƙwalwa ta tsufa. Ɗauko abin nan ka karanta mini in ji da kunnena."

Yini biyu na yi ina karanta mata. Ban tsallake layi ba, ban gyara ba. Wurin jakin babanmu ta yi dariya har zogala ta zube. Da munka iso shekarar sanƙarau hannunta ya tsaya cikin faifai, bai sake motsi ba har na rufe littafin. Sannan ta ce:

"Wagga Kulu mutuniyar kirki ce. Ɗiyar wa ce?"

Na ce mata gobe zan je in same shi har ofis.

"Ba ka zuwa."

"Inna, ƙarya ya yi miki."

"Zauna. Yaron nan tun shina lakwal ake ce mai ɗan arna. Hutunshi na fari da ya dawo, kwana biyu bai ci tuwon gidan ga ba, shina kallon hannuna. Kai ba ka san wannan ba, kai cikinka kawai ka sani. Yanzu ya samu uwar da ba a zagi. Bar mai abinshi."

"Ke kuma fa?"

"Ni mi? In ka buɗe baki, shi ka kunyata, ni kuma samarin nan su zo su ƙona ta da gaske. Bakinka ya rufe har in mutu. Ka ji ni, Gado?"

Na ce na ji.

Da anka buɗe lakwal farkon kaka, anka shirya taron girmama littafin a filin makarantar Isaka. Rumfuna, kujeru, mikoro mai ƙara murya. Manyan gari a gaba, samarin kasuwa gefe guda, mata a baya, uwarku ta sha ɗinki sabo. Ni na zauna can ƙarshe da niyyar in tafa in tashi. Mutum bayan mutum ya yabi littafin. Wani malami ya ce kowace mace a Arewa ta ɗauki Kulu madubi. Sannan Isaka ya miƙe cikin farar babbar riga, ya yi godiya, ya ɗaga kai yana neman wani cikin jama'a. Ashe ni yake nema.

"Ranar da Inna ta hura wutar nan, ni ina kwance ban san inda kaina yake ba. Amma ga ƙanena can, Gado, shina tsaye kusa da ita. Shi ne shaida. Gado, taso ka faɗa musu."

Anka tafa. Na taso. Daga kujerata zuwa mikoro bai fi taku talatin ba, kuma cikin takun nan na duba hanyoyin da ke gabana. In ce na ga wuta, na yi shaidar ƙarya a gaban Allah da alwalata a jiki, na kuma binne uwata tana da rai. In ce babu wuta, na karya maganar Inna, na tsiraita wana a filin da yake darakta. Da ni mai ilimi ne da wataƙila na sami wata magana mai santsi da za ta wuce tsakani. Ni ba ni da ita. Na karɓi mikoro na ce:

"Salamu alaikum. Ni littafin nan na karanta shi sau huɗu. Bai yi mini daɗi ba."

Na miƙa wa Isaka mikoro na juya. Wani ya yi dariya shi kaɗai, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Ban duba fuskar Isaka ba. Abin da na gani kawai hannunsa ne, riƙe da ƙarfen nan kamar an ba shi garwashi.

Uwarku ta riga ni isa gida. Ta tuɓe kallabi ta jefa a kan gado.

"Mi ya ci maka, Gado? Mi bawan Allah nan ya yi maka?"

"Bai yi mini komi ba."

"To madalla ma ba ka iya cewa? Kalma guda! Ko akuya anka ba mikoro ta fi ka."

"An tambaye ni, na faɗi."

"Ba a tambaye ka ko ya yi maka daɗi ba! Wa ya damu da daɗinka? Faɗa mini abu guda da ke cikin littafin nan da bai yi ba."

Na yi shiru. Shirun nan shi ya kashe ni, a gida da waje, don kowa ya ce ba ni da hujja. Washegari na je fadar da muke shan shayi shekara da shekaru, Alhaji Sani ya hango ni ya miƙe tsaye.

"Ku ba da kujera, ga babban malami ya iso. Shekara biyu a lakwal amma ya fi darakta. Malam Gado, yau wane littafi za ka kayar mana?"

Sunka yi dariya. Na sha kofina ɗaya na tashi, ban sake komawa ba. Rabin 'yan kabu-kabu sunka mai da motocinsu garejin bakin tasha. Isaka ya aiko anka ɗauke moto tasa da ke wurina, injin a buɗe, anka tura ta da hannu. Mutum ɗaya ne ya zo ya tsaya gefena, wani tsoho mai haƙar rijiya, Bawa. Ya duba hagu ya duba dama ya sunkuyo.

"Gado, ni ma ban so shi ba."

"Saboda mi, Baba?"

"Barci shike sa ni. Da an fara a radiyo sai in tafi. Amma kada ka ce na ce."

Wannan shi ne dukan rundunata.

Kwana takwas bayan taron na tafi ƙauye. An fara yankan hatsi, kowane gida ƙamshin tumu. Na ishe Inna ta faɗa, wuyanta kamar kara. A gabanta ƙoƙon kunu ne na tsohon hatsin bara, mai warin rumbu, shi ma ya kusa ƙarewa. Labarina ya riga ni isowa.

"An ce ka yi wa'azi a Dutsi."

"Kalma kaɗan ce, Inna."

"Kai dai tun kana yaro in an ce ka ɓoye ƙwai sai ka zauna a kai."

Na tambaye ta me ya hana ta cin sabon hatsi. Ta kau da kai. Matar ƙanenta, mai suna Ai, ita ce ta ba ni amsa daga bakin murhu. Ita ke riƙe hannun Inna kowace shekara ta kai ta kufai, tun da ƙafa ta ƙi. Bana ta ce ba ta iyawa.

"Duniya duka ta ji a radiyo Kulu ta bari. 'Ya'yana sun ce in aka gan mu da ƙwarya a hanya ba su da fuskar shiga masallaci. Ni na ce ta ci abinta, Allah na gani. Ta ƙi."

Littafin da kowa ke kuka a kansa, ga abin da ya yi wa matar da ke ciki: hatsi ya cika gari tana shan kunun bara.

Da hantsi ya yi, mutane duk suna gona, na ce ta dama gumbarta. Ta dama da hannunta cikin ƙwaryar, ta rufe da baƙin zane. Na ɗora ta bayan moto, ƙwaryar tsakanina da ita, munka bi hanyar yashi a hankali, tana zagina duk inda taya ta zame. Na sauke ta gindin tsamiya, na koma wajen moto na ba ta baya. Ba abina ba ne, ban kalla ba. Amma kunne ba ya rufuwa. Na ji gumba na zuba a ƙasa. Na ji tana magana ƙasa-ƙasa da wadda take magana da ita, kamar yadda ake yi da tsohuwar maƙwabciya. Sannan muryarta ta fito sarai.

"Isaka. A tsare mini Isaka. Isaka na Kulu."

Sau uku. Bayansa ta kira ni, ta kira ku ɗaya bayan ɗaya. Ina da shekara arba'in da wani abu, ranar na fara jin sunan nan a bakinta. Da munka dawo ta sa Ai ta gasa mata tumu, ta murje a tafin hannu, ta ci kai biyu da 'yan haƙoran da sunka rage. Daga shekarar nan ni nake kai ta, shekara tara. Ku kuna ganin ina tafiya ƙauye duk farkon kaka, kuna zaton hatsi nake zuwa ɗaukowa.

Shekara taran nan Isaka bai yi mini magana ba. In munka haɗu wurin jana'iza ya miƙo hannu yana duban wani wuri. Ranar salla ku nake aikawa ku gaishe shi, yana ba ku goro, ba ya tambayar ku ni. Littafin kuwa sai gaba yake yi, har ana ba yara shi a lakwal. Ke Habsu kin taɓa zuwa da shi ki ce in taya ki karatu, na ce idona na ciwo.

Da Inna ta rasu, washegarin binne ta da safe, dattawa sunka ce 'ya'yanta maza su shiga su fitar da kayan ɗaki. Munka shiga mu biyu, ba mai duban wani. Ya ɗauki tabarmar salla, ta cinye a wurin goshi da gwiwa. Ni na janye randa. Ƙwaryar na nan a kife, bakinta da busasshiyar gumbar bara. Na yi niyyar in rufe ta da jikina. Ya ce:

"Bari, Gado. Na san tana nan."

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun kullum. Duk hutun da na zo sai na leƙa."

"To don me ka kira ni shaida?"

Ya zauna bakin gadon kara, babbar riga ta sha ƙasa.

"Na zaci za ka ce e. Kowa ya ce e. Na ce in kai ma ka faɗa, maganar ta zauna ke nan." Ya juya ƙwaryar a hannunsa. "Ta ji littafin?"

"Ni na karanta mata."

"Me ta ce?"

Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage ba: wagga Kulu mutuniyar kirki ce, ɗiyar wa ce. Ya yi wata irin dariya da ba ta kai ƙarshe ba. Sannan na faɗa masa abin da ta hana ni yi da dalilinta, da tsamiya, da shekara tara a bayan moto. Na ce masa a can tana kiran sunaye.

"Sunaye?"

"Naka take farawa da shi. Sau uku."

"Ta ce Isaka? Da bakinta?"

"Isaka na Kulu."

Mutumin nan shekararsa ta haura hamsin, bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba. Wuri ɗaya ne a duniya take yi, kuma shi ne wurin da ya rubuta ya ce ta ƙona hanyarsa. Ya rufe fuska da hannun riga. Na fita na ja masa asabari, na ce wa dattawa kaya na da yawa, a ba mu lokaci.

Bai gyara littafin ba, ni ma ban ce ya gyara ba. Amma sati biyu bayan haka na ɗaga kai a gareji na gan shi yana turo moto da hannu, ya ce tana tari in duba masa. Mun samu shekara uku muna shan shayi tare kafin ciwon da ya tafi da shi. A garin nan kuwa har yau ni ne Gado mai hassada, kuma ban nemi ku je ku yi dambe da kowa a kai ba. Ku dai ku sani.

Ƙwaryar tana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, naɗe a baƙin zane. Ba a zuba komi a cikinta, kada kuma wanda ya ƙona ta. Littafin yana kusa da ita, wanda babanku Isaka ya ba ni da hannunsa. Bara da damina na fiddo shi na sake karantawa daga farko har ƙarshe, ko shekaru sun canza mini baki. Wurin jaki na yi dariya. Sauran, har yanzu bai yi mini daɗi ba.